Gidaɗo, Mutumin da Takarda Ta Ce Babu Shi

To Raliya, fere fensirinki ki gyara zama. Sunan Allah za mu sa a gaba, shi da ya ga komai ba sai an rubuta masa ba. Yadda na faɗa haka za ki sa, kada ki gyara mini baki irin na 'yan makaranta.

Ni ne Sammani, kakanki, manomi a nan tsakanin Kura da Bunkure. Amma ba labarina za ki rubuta ba. Labarin Gidaɗo ne, Bafulatanin da ya zauna a Gindin Kanya, can inda yanzu kike ganin alkama kore shar. Kin san shi ai. Dogon nan mai malfa, wanda in ya gan ki yake cewa “ina matar bawana?” ki ruga ki ɓuya bayan rumbu.

Akwai wani littafi a ofis da ya ce ba a taɓa yin mutum a Gindin Kanya ba. Ina so a samu wata takardar, ko da daga littafin makarantarki aka yage ta, wadda za ta ce an yi.

Ubansa Hammadu ne ya fara zuwa wurin, ina yaro ko fartanya ban isa riƙewa ba. Ya je gun dagacin wancan zamani da goro da ɗan maraƙi, ya ce ya gaji da yawo, a ba shi inda zai kafa turke. Dagaci ya haɗa shi da dattawa huɗu, suka taka masa iyaka da ƙafa: daga itacen kanya zuwa tsohuwar suri, daga suri zuwa kwarin da ruwa ke bi. Aka dasa gamba a kan iyakar, aka yi fatiha, aka watse. Shi ke nan. A lokacin wannan ya isa, har ya yi yawa. Yau dattawan nan huɗu duk suna ƙasa, gambar kuma katafila ta kwashe.

Tare muka tashi da Gidaɗo. Mu asalinmu Barebari ne, kin kuwa san tsakanin Barebari da Fulani sai wasa. Shekara hamsin ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba. In ya hango ni a gona sai ya tokare da sanda ya ce, “Bawana, wa ya ba ka izinin hutawa?” Ni kuma in ce, “Ɗan daji, yau ma sai da saniya ta tashe ka salla?” Ya ce, “Ita ta fi ka sanin alƙibla.” Haka muke gaisawa, ko a makabarta sai mun faki ido mun yi.

Mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ban taɓa ganin ya ci abu a kasuwa ba, ko rake. In yunwa ta kama shi a Bunkure ranar kasuwa, sai dai ya ƙara ɗaure ɗamara har ya isa gida. Kowace saniya ya san ta da suna, ya san uwarta, ya san kakarta. Ya kira ɗaya a tsakiyar garke, ita kaɗai za ta ɗago kai. Ni ma na taɓa ba shi karsana amana, tun auren ubanki, ban sake tambayar ta ba, don na san inda take.

Nomansa kuwa ba irin namu ba ne. Raba filin ya yi biyu. Bana shanu su kwana a wannan rabi, yana matsar da shingensu bayan kwana uku-uku har su taka ko'ina, shi kuma ya noma wancan. Baɗi a juya. Wallahi Raliya, zangarniyar geronsa sai ki auna ta da hannun babban mutum. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, ki dumbuza ki ji ta da laushi kamar garin tuwo. Da kaka kuma ya sako shanun cikin gonakinmu su ci kara su bar mana taki, mu kai masa dami. Matarsa Asta tana kawo nono gidan nan kullum, ita da kakarki Saude kamar uwa ɗaya ta haife su.

Abu ɗaya na san yana tsoro a duniya: mutum mai littafi a hammata.

Ke ba ki san jangali ba sosai. Harajin shanu ne, kan kowace saniya. Malamin jangali yakan zo da damina ko farkon kaka, da dogari, ya ƙirga garke. Bafulatani kuwa tun kaka da kakanni bai yarda a ƙirga masa dukiya ba. Ba rowa kaɗai ba ce, suna ganin in ido ya ƙirga garke, albarka ta fita. Saboda haka kowa da dabararsa. Shi Gidaɗo ba a nan yake biya ba. Akwai wani arɗo, shugabansu na Fulani, a wata gunduma can kudu da mu, ta hannunsa yake biyan na 'yan waɗanda ya yarda ya faɗa. In malamin nan gundumar ya zo, sai ya tarar ba shanu ba mai shanu.

Ni ne idonsa. Gonata ce a bakin hanya. In na ga mota ko doki da mai littafi, sai in tara ɗanyar ciyawa in sa wuta. Da Gidaɗo ya ga farin hayaƙi ya miƙe daga gonata, sai ya kaɗa garke ya bi kwari ya shige daji. Asta ta kwashi ƙorenta ta shigo gidan nan, ta ɗaura zanen Saude ta zauna tana daka. In an tambaye ni, amsa ɗaya ce: masu wucewa ne. Shekara talatin muna wannan, ba mu taɓa faɗuwa ba. Duk garin nan an sani, ba kuma wanda yake ganin laifi ne. Abin dariya ne a majalisa.

Sai shekarar fari, wadda aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki, ya bushe a tsaye. Shanun Gidaɗo suka dinga faɗuwa, fiye da rabi suka tafi. Na gan shi ya tallabo kan wata tsohuwar saniya a cinyarsa yana ɗiga mata ruwa da tafin hannu. Da ya ga geron ba zai yi ba, sai ya buɗe wa waɗanda suka rage, suka cinye shi har ƙasa, suka tattake kunyoyin. Filin ya koma fetal, ka ce ba a taɓa sa masa garma ba. Ya ce da ni, “Bawana, bana in mai littafi ya same ni, sai dai ya tafi da igiya, don sayarwa zan yi in biya shi.”

A lokacin ana ta maganar aikin ruwa. An ce ana gina madatsa a Tiga, za a jawo ruwa har nan a yi noma da rani. An ce an yi shela a kasuwar Kura cewa za a zo rubuta gonaki. Ni ban je kasuwar ba ran nan, waɗanda suka je kuma kowa da abin da ya jiyo. Mu dai mun ɗauka zancen mutanen wajen Kadawa ne.

Wata Talata da hantsi ina tsintar ɗan waken da ya tsira, sai ga landiroba ta tsaya a bakin hanya. Wani saurayi ya fito da ƙaton littafi a hammata, da ɗan sanda, da ɗan aiken dagaci. Farkon kaka ne, daidai lokacin jangali. Ban tsaya tunani ba. Na tattaro ɗanyen tafasa da ciyawar bakin kwari na ƙyasta ashana. Hayaƙi ya tashi fari tas. Sannan na tare su da gaisuwa, na ja ta, na aika a kawo musu ruwa, na tambayi lafiyar birni unguwa-unguwa, don in ba garke lokaci.

Saurayin ya shimfiɗa wata faffaɗar takarda a kan motar, ya ce hoton ƙasar nan ne da aka ɗauka daga jirgin sama. Na leƙa na ga kamar tsohon zane mai faci. Ya ce, “Baba, wannan gonar da muke ciki ta wa ce?”

Na ce, “Tawa ce, samari.” Na faɗi sunana da na ubana, ya rubuta. A raina na ce haraji ne za a ƙara.

Ya nuna da bironsa. “Wancan filin na gindin kanya fa?”

Na ce, “Ba na kowa ba ne.”

“Ga bukkoki can ina gani.”

“Na masu wucewa ne. Fulani ne, su kwana biyu su tashi.”

Muka taka har wurin. Ba kowa, sai kashin shanu da tokar murhu. Ya duba ƙasa bai ga kunya ba, bai ga kututturen kara ba. Ki rubuta wannan da kyau, Raliya, don ba na son in ɗauki alhakin yaron nan: sau biyu ya tambaye ni. Ya ce, “Baba, ka tabbata? Abin da na rubuta yau shi zai zauna fa.” Ya juya ga ɗan aiken dagaci, shi kuma ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa, don shi ma jangali ya ɗauka, ya kuma sha man shanun Asta ba sau ɗaya ba.

Na ce, “Tun ina yaro ba a taɓa yin mai wurin nan ba.”

Ya ce, “To kai ne maƙwabci, kai ne shaida.” Ya buɗe wani ɗan gwangwani mai tawada, ya kama babban yatsana na dama ya dangwala a littafin.

Kwana huɗu Gidaɗo ya yi a daji. Ya dawo yana dariya har haƙoransa na ciki. Ya ce, “Bawana, yau ka yi aikin da na saye ka dominsa.” Na ce, “Ɓarawon gwamnati, da na ga dama da yanzu kana gidan yari kana tatsar sauro.” Asta ta kawo mana curin man shanu mai girman kan jariri, na tukwici, a shekarar da ita kanta ba ta da shi. Saude ta zuba a miyar kuka, muka ci muna ba da labarin yadda na juya ɗan birni. Har yau in na ji ƙanshin man shanu a miya sai in ture kwanon. Kakarki tana cewa tsufa ne.

Bayan wata biyu 'yan safiyo suka zo da sarƙar awo suna kafa turakun siminti. Sun kafa ɗaya daf da bukkar Gidaɗo. Ya ce gwamnati ta kyauta, ta san yana neman inda zai ɗaure maraƙi. Ya kuwa ɗaure.

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, katafiloli suka iso. Dagaci ya tara mu ya ce kowa ya ɗauke hannu daga gonarsa, za a baje ƙasar duka a haƙa magudanan ruwa, sannan a mayar wa kowa tasa, sai dai za a rage kaɗan saboda hanyar ruwa. Kowa ya yarda, har da Gidaɗo. Ina da wani ɗan tudu da ruwan ba zai hau ba, na ce ya zauna a nan kafin a gama. Ranar da aka zo kan kanyar, katafila ɗaya ta kasa, sai da aka haɗa biyu da sarƙa. A gindinta aka binne Hammadu ubansa, da 'ya'yan Gidaɗon biyu. Gidaɗo ya tsaya can nesa, sanda a kafaɗa, hannuwa a saƙale, har ta faɗi. Da muka juyo ya ce, “Ba komai. In an mayar mini, na san wurin ko da ido a rufe.”

Ranar rabo aka kafa tebur a ƙofar gidan dagaci, aka kawo littafin nan. Na gane shi tun daga nesa. Ana kiran suna, mutum ya fito, a ba shi lamba, a ce eka kaza. Aka kira ni kafin azahar. Gidaɗo yana tsugune a gefen bango, ya sa rigarsa ta salla. Aka yi azahar aka dawo. Aka yi la'asar. Mutane suka ragu, suka ragu, har malamin da yake kiran sunayen ya rufe littafi ya fara naɗe takardu. Gidaɗo ya tashi a hankali ya je ya durƙusa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba a kira Gindin Kanya ba.”

Malamin ya sake buɗewa, ya bi da yatsa. Ya ce, “Wannan ai fili ne, ba mai shi. Ya shiga hannun aikin ruwa.”

A nan na gane wane ne saurayin nan na ranar Talata.

Mun yi ƙoƙari, kada ki ce ba mu yi ba. Sau uku muka je gun mai rubuta wasiƙa a Kura, ya buga mana takardar koke, muka kai ofishin masu ruwa. A karɓa a ce mu ji daga gare su. Filin kuwa suka mai da shi gonar gwaji, suna shuka irin alkama iri-iri da alluna a kai. Malaman gona suna mamakin yadda take yi a wurin, wai irin ne mai kyau. Gidaɗo yana kan tuduna shekara uku, wurin da ko rabin shanunsa bai isa ba. Burtalin da suke bi zuwa ruwa an yanke shi da kanal. Kanal ɗin an dafe shi da siminti, santsi gare shi, saniya ta sauka shan ruwa ba ta iya hawowa. Biyu ya rasa haka, yana bin su a guje a bakin ruwa har suka shige ƙarƙashin kwalbati. In kuma sun tsallaka cikin tumatir, a kama su a kai gidan dagaci. Mutanen da suke kai masa dami don shanunsa su kwana a gonarsu, yanzu ga takin zamani a buhu, su ne masu jifan su da hoge.

Duk da haka bai daina ce mini bawana ba. Yana cewa, “Gwamnati ba ta da baki, ba ta cin tuwo. In ta gama wasanta za ta bar mini.”

Bara, kafin ruwa ya sauka, rediyo ta ce soja sun yi sabuwar dokar ƙasa. Muka taru gun mai shayi muna ji. Yadda na fahimta, an ce daga yau duk ƙasar jiha tana hannun gwamna, amana ce ya riƙe wa jama'a. Ba sarki, ba dagaci. A ƙauye ƙaramar hukuma ce za ta ba da izinin zama, da kwamitin da zai ba ta shawara. Wanda yake noma wuri kuma ya ci gaba da nomansa. Har an ambaci filin kiwo.

Kalmar amana ita ta tashi Gidaɗo tsaye. A wurinsu, in an ba ka saniya amana, ko shekara nawa ta yi, ranar da mai ita ya zo za ka fito masa da ita da duk abin da ta haifa. Ya kama hannuna ya ce, “Ka ji ko, bawana? Amana aka ce. To ai mai ita ya zo.”

Muka fara zuwa gun dagaci ya raka mu. Ya ce, “Sammani, da ni ke bayarwa. Yanzu ni ma in ina son wurin ɗaure akuya sai na cika fom. Kuma abin da ubana ya bayar da baki, in na je na faɗa, tambayata za a yi ina na rubuta.” Bai zo ba.

Muka hau akori-kura zuwa ƙaramar hukuma, ni da shi. Asta ta ba shi wani gwangwanin madara da take ajiye takardun jangali a ciki, ta ce ko za su yi amfani. Sai zuwa na uku muka samu kwamitin yana zama. Mutum biyar a bayan tebur, da fanka a sama. Sakatarensu mutum ne mai ladabi, ya ce a ba mu benci.

Ya ce, “Baba Gidaɗo, ranar da dokar nan ta fito, wa yake noma wurin?”

“Masu ruwa.”

“To doka ta yi magana ne a kan wanda yake kai a ranar.”

“Ai daga hannuna suka karɓa.”

Sakatare ya sa aka ɗauko kwafin littafin. Ya karanta: fili, ba mai shi, Fulani masu wucewa kan sauka. Shaida, Sammani, maƙwabci.

Na miƙe na cire hulata. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ne Sammanin. Ƙarya na yi. Na ɗauka malamin jangali ne. Mutumin nan a wurin aka yanke masa cibi, ubansa yana kwance a ciki. Ga yatsan da ya dangwala, ga bakin da ya faɗa, yau sun zo su janye.”

Wani mai babbar riga a ƙarshen tebur ya tuntsire da dariya. Ya ce, “Wato shekara da shekaru kuna cin kuɗin hukuma, yau kun zo hukuma ta ba ku lada?”

Sakatare ya ɗaga masa hannu. Ya ce da ni, “Baba, zauna. Ban ji abin da ka faɗa ba, kuma ba zan rubuta shi ba, don in na rubuta ba gida za ka kwana ba. Ka faɗi magana a gaban ma'aikaci ka sa hannu, yau ka zo da wata. Wacce zan ɗauka in bar wacce?” Ya juya ga Gidaɗo. “Kana da wata takarda da ta nuna a nan kake zaune? Ko rasidin haraji, ko na jangali?”

Gidaɗo ya buɗe gwangwanin da sauri, ya zazzage su a kan tebur, wasu duk sun yi ja don tsufa. Sakatare ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku. Sannan ya ce, “Baba, waɗannan duk na wata gunduma ne. Ka mai da su aljihu. Abin da suke cewa shi ne kai ba mutumin nan ba ne.”

A nan ne kaɗai a rayuwata na ji muryar Gidaɗo ta ɗaga. Ya ce, “To a je a tona ƙasar! A tona kamu ɗaya a nan, a tona kamu ɗaya a gonar kowa, a kawo muku a kwano. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gaya muku shanu sun shekara hamsin suna kwana a kanta. Masu wucewa ba sa yin baƙar ƙasa.”

Sakatare ya dubi takardar gabansa ya ce, “Na yarda da kai, Baba. Amma fom ɗin ba shi da wurin rubuta wannan.”

Muna shirin fita sai mai babbar rigar nan ya ce ai ma maganar ta wuce. Masu ruwa sun gama gwajinsu, an riga an ba wani Alhaji Maikuɗi, ɗan kwangila daga birni, shi da kamfaninsa, su noma alkama. Da satifiket, a ƙarƙashin sabuwar dokar, shekara casa'in da tara. Gidaɗo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Shi Alhajin, an gaya masa zai kai?”

Alhaji Maikuɗi ba mugun mutum ba ne a fuska, wannan ma ki sa. Ya ji labari, ya zo har tuduna a motarsa, ya gaishe mu da hannu biyu. Ya ce shi bai san da kowa ba, takarda aka ba shi. Ya ce yana neman maigadi amintacce wanda ya san halin shanu, ya dinga kore masa su daga alkama, zai gina masa ɗaki a bakin gonar. Yana ganin alheri ya kawo. Gidaɗo ya dube shi, ya dubi garkensa, ya ce, “Allah ya saka, Alhaji. Ban iya ba.”

Da aka gama kaka ya ɗaure kaya a kan bijimai. Da safe ne, ina zaune a nan inda kike. Sai ga shi ya koro shanu biyar har ƙofar gida. Jikokin karsanar nan ce da na ba shi tun auren ubanki, waɗanda fari da kanal suka bari. Na tashi ina ƙoƙarin dariya. Na ce, “Ɗan daji, ina za ka ba ka nemi izinin ubangidanka ba?”

Bai karɓi wasan ba. Ya miƙo mini igiya ya ce, “Malam Sammani, ga amanarka.”

Malam Sammani. Shekara hamsin, ran nan na fara jin sunana a bakinsa.

Na ce ya tafi da su, nasa ne, ni na kashe shi. Ya ce, “A'a. Hayaƙin nan ni na roƙe ka shi, ban riƙe ka da komai ba. Amma abin mutum a mayar masa.” Ya faɗa mini sunan kowace, da wadda ba ta son a taɓa mata kunne. Asta da Saude suna rungume a zaure suna kuka. Ya kira matarsa, suka bi hanyar kudu. Da suka zo daidai gonar Alhaji bai juya kai ba, sai dai shanun ne suka yi ta karkata za su shiga, yana tare su da sanda.

Shekara guda ke nan. Wani ya ce mini a kasuwar Bunkure ya ga mai kama da Asta tana tallan nono can bayan Zariya. Wani ya ce ba ita ba ce. Ni kuwa ga ni, an ba ni gonata, ruwa yana zuwa har gindinta, ina noma alkama da tumatir, ana ce mini na ci ribar zamani. Shanun nan biyar ba ni da inda zan kiwata su, uku na sayar.

Karanta mini abin da kika sa a kan iyakar. Daga kanya zuwa suri, daga suri zuwa kwari. Yauwa. Ki ƙara a ƙasa: Gidaɗo ɗan Hammadu, a nan aka haife shi, a nan ya noma, ba mai wucewa ba ne. Shaida, Sammani, maƙwabci.

Na san ba ofishin da zai karɓe ta. Ki ninke ta dai ki sa a akwatin kakarki. Tukuna, kafin ki ninke, miƙo mini tawadar allon ƙaninki. Ba wannan hannun ba. Na dama.